Rediyon Umma

Dab da magariba Umma ta miƙo min makulli. "Je ki ɗakin ajiya ki ɗauko babbar darduma, gobe muna da baƙi."

Ta faɗa kamar ta aike ni sayen ashana, kamar ba ta san abin da ke tsakanina da ɗakin nan ba. Ina ƙarama na fara ihu duk lokacin da Kawu ya shigo gidanmu. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya yi min. Aka ce aljanu ne, aka yi ta tofi. In baƙi za su zo, Umma ta kai ni ɗakin ajiya ta datse, ta ƙure rediyo don kada a ji bugun ƙofa. Har yau in na ji mai karanta labarai a rediyo sai in tashi in bar wurin.

Yanzu na dawo gidan da 'yata. Tana cikin motar ranar haɗarin da ya kashe babanta, tun ranar ba ta magana, sai firgita da ihu. Na ce a kai ta wurin likita. Umma ta ce, "Mu ba ma tallan kanmu. Wa zai aure ta in aka ji?" Yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba!

Na bi lungun bayan kicin. Kwaɗon ya buɗe sumul, an ɗiga masa mai. Ciki warin kananzir da tsohuwar katifa, amma an share ƙasa fes. Ga ƙaramar tabarma. Ga kofin ruwa. Ga 'yar tsanar 'yata a jingine da bango.

Ashe 'yata aka shirya wa ɗakin.

Ƙofa ta rufe a bayana. Na ji sakatar waje ta shige.

Sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki, ƙasa-ƙasa, daidai ƙuguna. Ƙaramin hannu ne.

"Kin girma," aka ce da raɗa.

Muryata ce, ta lokacin da nake ƙarama.

"Wace ce ke?"

"Ran da kika daina ihu suka ce kin warke, wa kike zaton ya karɓi ihun? Ni na shanye."

Numfashi mai sanyi ya sauka a tafin hannuna. Yatsu suka kama gefen zanena.

"Na daɗe da yunwa. Gobe za a kawo min ƙaramar."

Na nemi addu'a, harshena ya yi nauyi. Na faɗa wa ƙofar da duka. "Umma! Umma, buɗe!"



Sai na ji an ƙure rediyo.

Yatsun suka hau wuyana. Muryata tana fita daga maƙogwarona, ana zuƙe ta kamar ruwa a kofi.

Sakata ta yi ƙara. Haske ya shigo. 'Yata ce tsaye a kan bokiti, hannunta a kan ƙarfen.

"Mama," ta ce, murya a dishe, "ni na ji ki."

Na sungume ta sai falo. Umma na zaune, yatsanta a kan rediyon, idonta a ƙasa.

"Kin ji ni," na ce.

"Hannuna ne ya saba."

"Da can ma kina ji. Kin kuma san abin da ƙaninki ya yi."

"Rufa mana asiri, maƙwabta na ji."

"Su ji! Asirin wa kika taɓa rufawa? Ni kika rufe."

Ko sallar isha ba mu yi a gidan ba. Yanzu 'yata na ganin likita, ni ma haka, kuma duk wanda ya tambaya ina gaya masa.

Ƙanwata ta ce Umma ba ta kashe rediyon nan, dare da rana. Wai da zarar ta rage sauti, ƙaramin hannu ke ƙwanƙwasa mata ƙofar ɗaki, kuma ba wanda yake ji sai ita.