Hancin Goggo Tabawa Mai Daddawa

Hannun na'urar tiyata, siriri kamar tsinken tsintsiya, ya zura cikin hancin Goggo Tabawa ya fito. Minti tara, an gama.

Shekara uku ke nan guringuntsin hancinta ya saki. Tana jan numfashi sai bangon ya lotsa ya toshe hanya, sai ta ja kumatu da yatsa kafin iska ta shiga. Yanzu asibitin hawa na saba'in a Sabuwar Gusau ya dasa mata tokarin-iska, ɗan zoben da ke riƙe ƙofar hanci a buɗe.

"Ja numfashi, Goggo," in ji Likita Zulai.

Ta ja. Kai! Har ƙwalla ta yi don daɗi.

To, Goggo daddawa take yi, kuma a zamanin da injin ke dafa komai, tata kaɗai ake bin layi a saya. Ba ta da agogo, ba ta da ma'auni. Hanci ke gaya mata kalwa ta nuna. Bayan tiyatar, ta rufe kwandon kalwa kwana uku ta buɗe, ba ta ji komai ba. Ta ƙara kwana biyu. Sai da maƙwabta suka fara rufe taga ta gane tukunya guda ta lalace. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don in hancin ya tafi, sana'ar ta tafi.

Ta koma asibiti a fusace.

"Ai zoben yana da matata," in ji likita. "Yana tace duk wani wari kafin ya isa ciki."

"Daddawar ce wari? Wane marar uwa a kicin ya ce haka?"

"Injiniyoyi ne suka jera warin da za a tace, Goggo. In na kashe matatar, har kwata da juji za ki riƙa ji."

"Kashe, 'yar nan. Da su na girma."

Likita ta danna allo. Goggo ta kwance ƙullin daddawar da ke bakin zaninta ta shinshina, ta lumshe ido.

"Yauwa, ga ta nan!"

Likita Zulai ta karɓi ƙullin ta kai hanci. Ba ta ji komai ba, don ita ma tana da zoben.

"Shekara biyu ina ce wa Ummata miyarta ta rage daɗi," ta ce a hankali.

Sai ta jawo allon, ta nemo sunan kanta.