Motar da Ba Ta Sallama

Ku matso nan. Nafi'u, angona, kashe wayar nan ko in jefa ta a randa. Kai na fi so ka ji, tunda gobe za a damƙa maka sitiyari.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta.

Kun san a-kori-kurar Baffanku Hambali, autana. Kullum kuna mata dariya, wai mota fara tas, sabuwa fil, amma tana ruri kamar injin niƙa. To, ba haka ta zo ba.

Da can yana jan wata tsohuwa da ake kira Mai Tari. Gas take sha, ta yi ta aman baƙin hayaƙi. Tun tana bayan gari nake jin ta, in ce wa matarsa Lantana ta ɗora ruwan wanka. Bara waccan ƙungiyar manoman albasa ta sayi sabuwa, aka ba shi. Ita ma gas take sha, amma an ce masu ƙera ta sun sake injin tun daga tushe. Ba hayaƙi, ba zafi. Mai kaɗan take lasa. A cika ta da buhuna ta hau tudu ko nishi babu. Sai dai ba ta da murya. Za ta tsaya a bayan kaza, kazar ba ta ɗaga kai ba.

Ranar da ya kawo ta, ya tayar da ita a ƙofar gida, yana ta washe baki.

"Inna, kin ji ta?"

"Ban ji komai ba."

"Ai shi ne aikin! Wannan injin ba ya tari, ba ya gardama, ba ya mutuwa a hanya."

Na ce, "Mai rai ma yana mutuwa, balle ƙarfe. Ni ba wannan ya dame ni ba. Wa zai yi maka sallama a Gangaren Kanya?"

Kakanku, Allah ya jiƙansa, direba ne. Bai taɓa sauka gangaren nan ba sai ya sauke gilashi, ya danna hon, ya ce, "Salamu alaikum masu wuri, a kwashe yara." Don in rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, 'ya'yan mutanen ɓoye kan fito wasa a kan hanyar. Direbobin baya suka bar al'adar, kuma ba abin da ya same su, saboda rurin tsofaffin motoci yana yi musu sallamar ba su sani ba.

Na gaya wa Hambali duk wannan. Ya yi dariya.

"Inna, esi fa gare ta. In sauke gilashi sanyin ya gudu?"

"Kanka ne ya yi sanyi," na ce. Ya tafi.

Abin da ya biyo baya shi ya faɗa mini da bakinsa.

Bazara ce. Ya sauke albasa a kasuwa, yana dawowa shi kaɗai, bodi wayam. Rana tsaka ya iso gangaren. Gilashi a rufe. Mota na sulalawa kamar maciji a yashi.

Sai ya ji ƙwas.

Ƙarami. Kamar ka taka ƙoƙo a ƙarƙashin tabarma.

Ya taka birki, ya fito ya duba. Ba akuya, ba jini, ba komai. Amma tsuntsaye sun yi tsit. Ganyen kanya ko motsi. Ya koma ciki da sauri ya rufe ƙofa.

Ga mace tsaye a jikin gilashinsa.

Doguwa, cikin baƙin saƙi, da goyo an lulluɓe shi ruf. Bakinta ya motsa, ya rufe. Sai daga baya maganar ta iso. Kuma ba daga waje ta zo ba. Daga kujerar gefensa ta fito, inda ba kowa.

"Direba. Ina muryar motarka?"

"Sabuwa ce, Baba."

"Tsohuwar tana tari tun daga nesa, mu kwashe namu. Wannan ta zo kamar ɓarawo. Ka taka ƙafar 'yata."

"Wallahi ban gani ba."

"Ba a ce ka gani ba. Cewa aka yi ka yi sallama."

Goyon ya yi wani ɗan kuka, siriri, kamar ƙofar langa-langa.

"Kai ma kana da 'ya," in ji muryar. "Saude. Shekaranjiya ta fara tafiya. Na ga kuna tafa mata."

Hambali ya haɗa hannuwansa biyu. Ya shiga roƙo. Ta bar shi ya gama.

"Ƙafa da ƙafa, haka muke yi. Amma na ji kana cika baki a tasha, wai injinka ba ya mutuwa. Maɗorinmu yana kan dutsen can. Kai mu kafin inuwa ta karkata. In injin ya mutu a hanya, ƙafar Saude ta mutu tare da shi. Kuma kada ka dube mu."

Dutsen nan babu hanyar mota. Burtalin shanu ne kawai, duk tsakuwa da kwazazzabo.

Ta zagaya baya. Ya ji ta hau. Motar ta durƙusa kamar an zuba mata siminti.

Ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya.

Ta ja. A hankali, amma ta ja.

Suka wuce wata tsamiya. Ya ji dim a bodi. Motar ta ƙara nutsewa. Suka wuce wani suri. Dim. Wata kuka. Dim, dim. Dangin matar ne ke hawa, za su raka mara lafiya. Yana jin numfashinsu a ƙeyarsa, ga gilashin baya a rufe. Wari ya cika motar, irin na tsohuwar rijiya.

Allurar zafi, wadda tun da aka sayi motar ba ta taɓa gusawa ba, ta fara hawa.

"Haba 'yar albarka," yana raɗa wa sitiyari. "Ba don ni ba. Don Saude."

Da Mai Tari ce, da tuni ta tofar da ruwan lagireto ta kwanta. Wannan ta yi ta haƙura. Tayoyi na tartsatsin tsakuwa, ƙarfe na kuka a ƙasa, amma injin yana nan, shiru, yana ja. Gaskiya ɗaya ce, jikokina, waɗanda suka ƙera shi ba su yi ha'inci ba.

Saura kaɗan su kai, motar ta yi wani tangaɗi, kamar an riƙe ta ta baya. Kun san direba. Idonsa da madubi kamar harshe da haƙori ne. Kafin ya tuna, ya duba.

Matar na zaune a bakin bodi, ta ba shi baya. Ƙafafunta sun sauka ƙasa. Sun miƙe, sun bi burtalin, siri-siri kamar igiyar guga, sun gangara dutsen gaba ɗaya. Can ƙasa, a gindin kanya, tafin ƙafarta yana nan a inda ta tsaya tun farko. Ba ta taɓa ɗaga shi ba.

Ya runtse ido, ya danne totur.

Motar ta hau kan dutsen ta tsaya, injin bai mutu ba. Babu gida a wurin, sai wani tsagin dutse. Ya ji suna sauka ɗaya bayan ɗaya, motar na tasowa.

Muryar ta dawo kujerar gefensa.

"Ƙarfe ya cika alkawari. Ɗan Adam ne bai cika ba. Ka duba."

"Ki yi mini rai."

"Don ƙarfen, na bar mata ƙafarta. Don idonka, zan bar mata shaida."

Sai ya ga hannu, dogo, ya dafa bonet sau ɗaya, a hankali, yadda ake dafa kan yaro.

"Na ba ta murya."

Nan take injin ya kece da ruri. Har yau bai daina ba.

Da ya iso gida, ya tarar da Lantana tana kuka. Wai rana tsaka Saude na wasa a tsakar gida, ta ƙwalla ƙara ta faɗi, ƙafar hagu ta saki kamar tsumma. Ni na riƙe ta a cinyata. Ina tofa mata addu'a, sai na ji ƙafar ta yi zafi, ta motsa. Ta miƙe ta taka.

Kamfanin da ya ƙera ta ya aiko makanikai da na'urarsu. Suka jona, na'ura ta ce lafiya lau. Suka canza salansa, ruri na nan. Suka gaji suka tafi. Kuma daga ranar zuwa yau motar ba ta taɓa kwana a gareji ba.

Saude kuwa kun gan ta, ta fi sa'o'inta gudu. Amma in rana ta take tsaka, ku lura, jan ƙafar take yi. A bayan ƙafar akwai zane, layi-layi, sak sawun taya. Kada wanda ya tambaye ta. Ba ta sani ba.

Nafi'u, motar da za a ba ka gobe na ji an ce ta fi ta Baffanka shiru, ko lokacin da take sabuwa. Kada ka bi gangaren nan kai kaɗai. In ta kama dole, sauke gilashi, danna hon, ɗaga murya ka yi sallama, ko fasinja za su yi maka dariya. Don akwai maganar ƙarshe da matar ta yi, wadda Hambali bai gaya wa kowa ba sai ni.

Ta ce, "Muryar kyauta ɗaya gare ni, na bayar. Wanda ya sake zuwa mana shiru, tasa zan cire in sa wa motar."

Ku tofa a tafin hannu ku shafe jikinku. A bar fitilar nan a kunne.