Aljanin da Aka Ƙara wa Na'ima a Ledar Jini

Wallahi da idona na gani, a gidan Ashafa, nan Kurfi! Wanda ya musa ya zo mu dafa Alƙur'ani.

Ɗiyarshi Na'ima ta haihu a wani asibiti a Dutsin-Ma, jini ya ɓalle mata, aka ƙara mata leda biyu, ta dawo gida wankan jego. Kwana ukku lafiya lau. Ran na huɗu, ana kiran magariba, Ashafa na alwala, dutse ya faɗo cikin butarshi. Wani dutsen ya ƙara faɗowa. Kaji suka yi tsit. Sai ya ji muryar ƙato daga ɗakin mai jego tana cewa, "Ku buɗe mani."

Ya buɗe ƙofa, ya buɗe taga. Muryar ba ta daina ba. Na'ima ta bar ci, ta bar ba jinjiri nono, sai bin bango take tana lalube kamar mai neman hanya. Kwana shidda Ashafa na kallon ɗiyarshi tana ƙarewa, sannan ya ɗauko Malam Badaruddeen daga Dabawa.

Malam ya yi ta karatu har Na'ima ta zube. Ya ce ma aljanin, "Mi ta yi maka ka shige ta?"

"Ni na shige ta? Malam, ɗura ni aka yi! Shekara tara ina shan sanyi cikin ledar jini a firij ɗin asibiti. Tsohuwar leda ƙulli ake wa bakinta, in sulale abina. Wannan sabuwar kau da wuta suke liƙewa. Ina ƙofa?"

"To fita."

"Ta jini na shigo, ta jini zan fita. A zubar da leda biyun nan."

Ashafa ya dubi ɗiyarshi. Jinin da ke riƙe da ita ke nan.

Malam ya ce, "Ƙaho ɗaya. Ko ka matse ka bi, ko in ƙone ka a ciki."

Can muryar ta ce, "A samo babba."

Usaini wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya ja. Ƙahon ya yi zafi jau. Na'ima ta buɗe ido ta ce, "Baba, ina yarona?" Ni na ɗauki ƙahon da hannu ɗaya na jefa shi rijiyar bayan gari.

To, wannan na ƙarshen ƙari na yi. Usaini ya jefa. Ni lokacin na kai tasha, takalmina ɗaya a gidan Ashafa.