Burushin Ɗanjuma Mai Walda

A wani gari an yi wani mai walda, ana ce masa Ɗanjuma. Wata rana wani attajiri ya sa shi ya yi wa matakalar benensa madafa da farin ƙarfe, irin wanda ba ya tsatsa.

Ɗanjuma ya san dokar aikin sarai. Burushin da ya goge baƙin ƙarfe ba ya taɓa fari, don ɓurɓushin baƙin yakan maƙale a jiki, in ya sha ruwa ya yi tsatsa. Amma ran nan ya manto burushin farin a gida, ƙyuya kuma ta hana shi komawa. Ya ce a ransa, "Wa zai gani?" Ya goge da na baƙin.

Da damina ta sauka, sai jar tsatsa ta fito ɗigo-ɗigo. Attajiri ya kira shi, ya kira Iya Lanti, tsohuwar da ke share gidan. Ya ce, "Ɗanjuma, aikinka ne ko wankinta?"

Tsohuwa ta ce, "Wallahi Alhaji, ruwa zalla nake sawa."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Aka sallame ta, ya yi shiru. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta wuce ta gabansa tana share hawaye, ya yi shiru.

Ɗanjuma ya goge tsatsar da tsumma. Kafin lokacin kaka, sai tsatsar ta dawo, daidai inda burushinsa ya bi.

Attajiri ya sake kiran Ɗanjuma, ya kamo hannunsa, ya aza a kan ƙarfen, ya ce, "Iya Lanti ta rasu a ƙauyensu tun watan jiya. To, wannan kuma wa ya wanke?"