Gawa Mai Shuɗin Hannu

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Ashafa rahoto a ofishin 'yan doka, wai an sace gawa a asibiti.

Malamin asibiti, Tanko, ya nuna masa gadon. Ya ce mamacin sunansa Maharazu, masinjan gwamnati ne daga Ƙofar Mazugal. Ciwon ciki ya kwantar da shi, ya cika bayan asuba. Kafin a aika wa ofishinsu, an nemi gawa an rasa.

"Wa ya biya kuɗin gado?"

"Gwamnati, ranka ya daɗe. Ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa kyauta ake kwantar da su. Lambarsa ta aiki, ta tagulla, aka nuna."

"Ɗan'uwa fa?"

"Sai ya biya, ko da cikinsu ɗaya."

Tanko ya rantse bai ga wani abin mamaki ba. Sai Sufeto ya ɗaga zanen gadon ya nuna masa shuɗi-shuɗi a gefe, daidai inda mai jin zafi yake damƙa. Nan Tanko ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya hannuwan mutumin shuɗi ne har wuyan hannu, shi dai ya kau da ido ne don tausayi.

Sufeto ya san masinja ba ya tsoma hannu a rini.

Bayan azahar ya isa gidan su mamacin a Ƙofar Mazugal. Ya tarar har an dawo daga maƙabarta, zaure cike da masu ta'aziyya. Yana shiga aka yi tsit. Wani mutum a kusurwa, ya ja rawani har hanci, shi ke karɓar gaisuwa. Ya ce shi ne Bukar marini, yayan mamacin, kuma bai san zancen sata ba.

Sufeto ya dubi hannuwansa. Tas suke, ko a farce babu shuɗin baba.

Bai musa masa ba. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannu.

"Allah ya jiƙan Maharazu, ya sa ya huta."

Ba wanda ya ce amin. Liman ya zuba wa carbinsa ido. Sufeto ya sake maimaitawa a hankali.

Sai mutumin ya janye rawanin, hawaye na bin gemunsa.

"Bukar ne sunansa. Ka roƙa wa Bukar. Ni ne Maharazu."

Ya ce da ciwo ya yi tsanani ba su da abin biya, shi ne ya rataya wa yayansa lambar. Da ya cika kuma, ya kasa bari a yi masa sutura da sunan wani, sai ya naɗe shi a tabarma ya fito da shi ta ƙofar baya.

"Tun rasuwar mahaifinmu da hannuwan nan nasa masu shuɗi ya ciyar da ni, ranka ya daɗe. Amma doka ta ce ba iyalina ba ne."

 Sufeto ya sake ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Bukar."

Zaure duka ya amsa da amin.

Ya shafa, ya miƙe, ya karɓi lambar tagullar ya jefa a aljihu. Ankwa tana ɗaya aljihun, bai fito da ita ba. Maharazu ya shige gaba, suka nufi ofis, masu zuwa ta'aziyya suna ba su hanya.