Takalmin Dama

Da Mai-Wasiƙa ya dawo daga asibitin ido wajen ƙarfe sha biyu, ya tarar da kwaɗon gareji a kulle yadda ya bar shi. Da ya buɗe kuma, babu Shirwa. Sai tabon baƙin mai a ƙasa, da bargon da yake rufe ta da shi, an ninke an ajiye kan benci.

Shirwa babur ce, ana ce mata haka saboda tsuntsun da ke jikin tankinta. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kanta.

"Ba sai kin wahala ba, Sufeto," in ji tsohon ga 'yar sandar da ta zo bincike. "Bakanike ne. Shi kaɗai ke da makulli bayan ni, shi kaɗai ya iya tayar da ita."

Sufeto mace ce da ba ta yarda da amsar da ta zo da wuri. Ta dubi bargon. Ita dai ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya ninke kaya ba.

Telan da shagonsa ke kallon gidan ya ce ya ji tashin babur da ƙarfe goma, amma kansa na kan ɗinki. "Bugu ɗaya ta tashi, ranki ya daɗe."

Ta samu Bakanike a ofishinsu na 'yan sanda, tun rana aka tsare shi a bayan kanta, hannunsa duk baƙin mai.

"Ba ni labarin babur ɗin nan," ta ce.

"Kamfanin da ya ƙera ta, da keken ɗinki ya fara," ya ce, kansa a sunkuye. "Ya koma babur, ya yi shekara tara, ya rufe. Wannan ƙirar farko ce. Giyarta a ƙafar dama take, birki a hagu, saɓanin na yanzu. Kuma akwai wani ɗan ƙarfe a hannu da ake ja kafin a buga kik. Wanda bai ja ba, kik ɗin ya dawo ya daki ƙafarsa."

"Kai bugu nawa kake yi?"

"Da, ɗaya. Yanzu gwiwa ta tafi, sai na yi huɗu. Mai gidan ya sani, yana ma yi min dariya." Ya ɗago kai. "Shekara talatin ina riƙe masa makulli."

Sufeto ta koma gidan. Surukin tsohon ne ya buɗe mata ƙofa, yana ɗingishi.

"Me ya sami ƙafar?"

"Tsani ne..."

"Tsanin da ke dukan idon sawu ta baya?"

Ya share gumi. Ya amsa cewa makon jiya ya faki ido ya gwada tayar da ita, ta harbe shi. Sufeto ta cire shi daga lissafi. Mutumin da Shirwa ta daka makon jiya ba zai tayar da ita da bugu ɗaya yau ba.

Suna zaune a falo da tsohon, Auta ta shigo da shayi, 'yar tsohon, ma'aikaciyar jinya, da fararen kayan aiki da farin takalmi. Ta ajiye faranti, ta ɗauki tsumman da ke kan tebur ta ninke shi gida huɗu. Sufeto ta dubi tsumman, sannan ta dubi ƙasa.

"Kina hawa babur?"

"Ƙaramin da nake zuwa aiki da shi. Ba shi da giya ma."

"To me ya goge saman takalminki na dama?"

Baƙin layi ne, daidai kan yatsu. Auta ta ja ƙafar baya.

"Mai hawa babur ɗin yanzu takalmin hagu yake ɓatawa wajen sa giya," in ji Sufeto. "A garin nan Shirwa kaɗai ke ɓata na dama. Ba a fasa kwaɗo ba, makullin Baba kuwa a ƙusar bayan ƙofa yake kwana. Ga kuma bargo."

Auta ta durƙusa gaban mahaifinta. "Tana ɗakin ajiya na asibitinmu, Baba. Likita ya hana ka hawa tun wata uku, ka ɓoye mana. Ranar Laraba a gabana ka kusa shiga ƙarƙashin mota. Tsoro nake ji."

"Tsoron ne ya sa kika yi shiru aka tafi da bawan Allah?" Sufeto ta tambaya, kuma ba ta sassauta murya ba, don abin ya ɓata mata rai.

Auta ta fashe da kuka. Tsohon ya daɗe yana murza idanunsa.

"Wa ya koya miki jan ƙarfen?"

"Shekara nawa ina zaune a bayanka ina kallo?"

Da yamma ita ta tuƙo Shirwa zuwa shagon Bakanike, mahaifinta a baya, ya riƙe kafaɗarta. An saki mutumin, har ya koma ƙarƙashin wata mota. Tun daga kwana ya gane ƙarar, ya fito yana goge hannu.

"Aminina," tsohon ya fara, "bakina ya yi gaggawa..."

"Mai ya yi mata yawa," in ji Bakanike, Auta yake kallo. "Ki rage shi kaɗan, 'yata."

Ya laluba aljihu, ya ciro makullin gareji, ya ajiye shi a kan tanki. Sannan ya koma ƙarƙashin motar.