Injin Hajja Rabi'atu

Da hantsin Asabar Usta Salih ya buɗe warsharsa ta gyaran mota da ke bayan kasuwar Suki, ya tarar da tsofaffin tayoyin da ya ɗora inji a kansu babu komai. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau, ba a ɓalle shi ba. Sarƙar ɗaga inji tana reto daga rufi, a ƙasa kuma ga sawun keken jaki ya shigo da baya ya fita.

Injin na Hajja Rabi'atu ne, ungozomar da rabin yaran ƙauyukan nan suka faɗo a hannunta. Motarta ƙarama ce mai jan gaba, wato tayoyin gaba ke ja, na baya bi kawai suke yi. Da damina, in ta ɗauko mai naƙuda, motar kan yi nishi a cikin laka fiye da matar da ke ciki. Shi ya sa ta sa aka kawo mata babban inji daga Madani. Hajja kuwa ba ta iya fushi a hankali ba. Kafin azahar ta kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma sunan Salih ta ambata, tunda shi ke da mabuɗi.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Alhamis za a ɗaura auren Mustafa, ɗan Salih, da 'yar Malam Alhasan na ƙauyen da ke ƙetaren tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki. Malam Alhasan ya aiko cewa ba zai kai 'yarsa gidan da ake zargi da sata ba. Salih ya tsufa a kan wannan sana'a, ko ƙusa ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunsa ba. Saƙon nan ya fi ɓatan injin yi masa ciwo.

Mulazim Sharfuddeen aka ba binciken, wani dogon ɗan sanda mutumin Mai Wurno, wanda yake tambaya kamar baƙon da ya ɓata hanya. Masu wayo da yawa sun raina wannan sanyin nasa sun yi nadama.

"Usta, mabuɗin ga nawa ne?"

"Guda ɗai na, janabu, ranka shi daɗe. Ran Juma'a gida nika barinshi bisa ƙusa in tai masallaci."

"Wa ke shiga gidan?"

"Makon buki? Sai dai ka ce wa ba ya shiga."

"Makanar, wato injin, ta daɗe nan. Mi ya hana ka sa ta?"

Salih ya durƙusa ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci, ya zazzage sandunan ƙarfe biyu masu kauri.

"Waɗanga nika jira, sai Alhamis da ta wuce sunka iso. Akis ke nan, su ka kai ƙarfin makana ga tayoyin gaba. Na arabiyar Hajja, motar tata, sirara na, don ƙaramar makana anka yi su. In ka ɗora babba ka bar su, sitiyari shi riƙa fizgarka gefe, ranar da ka hau tudu da kaya kuwa su karye."

Sharfuddeen ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyinsa, ya mayar cikin buhu.

"Wa ya san suna nan?"

"Ni ɗai."

"Tamam. Je ka ci gaba da shirin buki."

Mutanen kasuwa, waɗanda ba sa rasa ɓarawo ko da ba a yi sata ba, sun riga sun ba shi sunaye biyu. Na farko Adam, mai injin ban ruwa a bakin kogi, wanda nasa ya daɗe yana tari. Sharfuddeen ya je ya leƙa tankin, ya shinshina. Dizal ne, injin Hajja kuwa fetur yake sha. Na biyu Osman mai akori-kura, wanda suka yi cacar baki da Salih a kan gyaran birki. Osman ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ya janabu, tawa baya ka tura ta. Makanata a miƙe take, ta Hajja a gicciye. In na sace ta mi zan yi da ita, kujera?"

Saura masu ƙananan motoci irin ta Hajja, su kuwa ba su da yawa a Suki. Sharfuddeen ya zagaya tasha ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan injinta. Guda ce ba ta nan, ta Ayman, mai jigilar fasinja zuwa Dindir. Aka ce ya kai ta can a yi mata kwalliya, don shi ne waziri, babban abokin ango, shi zai ɗauki Mustafa.

Ayman da kansa ya iske Sharfuddeen wurin mai shayi, ya ja kujera.

"Janabu, wallahi ammi Salih, baffanmu, ba ɓarawo ba na. Gidanai ni tashi, kamar uba yake gare ni."

"Haka kowa ke faɗi."

"Kuma wanda ya ɗauki makanar nan wahala ya ɗaukar ma kainai. Ta fi ƙarfin ƙaramar arabiya. Kana taka mai, sitiyari shi fizge ka dama."

Sharfuddeen ya motsa shayinsa, ya ce, "Allah shi kyauta." Daga nan ya koma zancen farashin riɗi.

Bai bi motar zuwa Dindir ba. Ya san in ya taso da ƙura, injin zai kwana a gindin kogi, zargi kuma ya zauna a kan Salih har abada. Sai ya haye tur'a ya sami Malam Alhasan a ƙofar gida.

"Baba, ka bari sira ta fito ran Alhamis." Sira ita ce jerin motocin da ke rako ango gidan amarya.

"In sun iso in ce masu mi?"

"In sun iso ƙofarka ban kama ɓarawo ba, ka mai da su, laifina ne. Amma kowa ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye. Wanda ya haɗiyi wagga, da ƙafarshi za shi zo."

Dattijon ya dube shi, ya ce ya yarda.

Ranar Alhamis bayan la'asar Sharfuddeen ya tsaya a gindin gadar tur'a, Salih a damansa cikin farar jallabiya, Hajja Rabi'atu a hagu ta ƙi ko kallon Salih. Hanyar tana yin kwana sannan ta hau gadar a tsaye. Can sai ga sira da guɗa da oda, motar Ayman a gaba, ango da abokai sun cika ta maƙil. An lulluɓe gabanta da ganyen dabino, an ɗaure da igiya fiye da yadda kwalliya ke bukata, hancinta kuma ya sunkuya ƙasa.

Ayman ya ga jama'a, ya ga 'yan mata a motar baya, ya taka mai. Tayoyin gaba suka tona ƙasa, motar ta zabura dama, ya murɗo ta da ƙarfi ya kama tudu. Sai aka ji ƙas! Injin ya ci gaba da ruri, motar kuwa ta sulalo da baya ta tsaya. Guɗa ta mutu.

Sharfuddeen ya matsa ya yanke igiyar. Murfin ya ɗago da kansa, don dama bai taɓa rufuwa ba, injin ya fi ramin tsawo. A kan kowane noti akwai ɗigon shuɗin fenti, alamar da Salih ke yi wa duk abin da ya duba, wadda duk direban Suki ya sani.

"A Dindir ni saye ta," in ji Ayman.

"Da fentin Usta?" Sharfuddeen ya juya wurin Hajja. "Hajja, da Usta ne ya ɗauka, ba zai bar akis a ƙarƙashin benci ba, don ya san makanar ba ta aiki sai da su. Ɓarawon bai sani ba. Kwaɗo ba a ɓalle shi ba, ke nan mai shiga gida ne ya ɗauki mabuɗi ana masallaci, ya mayar. Sannan Usta ya ce mini sitiyari na fizga gefe, bai ce wane gefe ba. Wanga ya ce dama. Sai wanda ya riƙe sitiyarin ke sanin haka."

Mustafa ya fito daga motar, ya tsaya yana kallon abokinsa. Ayman ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai ya gaji da ana wuce shi a hanyar Dindir.

Hajja Rabi'atu ta gyara mayafinta, ta zo gaban Salih. Yadda ta yi fushi da ƙarfi, haka ta ba da haƙuri da ƙarfi, kowa na ji.

"Usta, na zalunce ka. Ka yafe min. Ango shi shiga arabiyata, ni zan kai shi, ko da rarrafe."

"Ba komi, Hajja. Ki kawo ta ran Asabar."

Aka ture motar Ayman gefe, sira ta fara hawa gada. A ƙetare ana hango Malam Alhasan ya fito taryen ango da mutanensa. Kafin Salih ya shiga mota sai ya dawo, ya durƙusa da farar jallabiyarsa, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga karyayyen ƙarfen. Ya miƙe ya dubi yaron da ya ci tuwo a gidansa tun yana ƙarami.

"Ayman, da ka ce min ana wuce ka, da na nemo maka makana na sa maka da hannuna. Da akis ɗinta."

Ya karkaɗe gwiwarsa, ya tafi ɗaurin auren ɗansa.